Kowa Na Aiki, Kowa Na Talauci: Abin da Manufar Samar da Aiki Ba Ta Hango a Yammacin Zamfara

A watan Agustan 2023 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da wani rahoto da ya tayar da ƙura, inda ta ce marasa aikin yi a Najeriya kashi 4.1 ne kacal cikin 100. Na ƙarshen 2020 kuwa kashi 33.3 ya ce. Jama'a suka yi caa a rediyo da majalisun hira, kowa na tambayar inda aka samo ayyukan. Babu inda aka samo su, ma'aunin aka sauya. A da sai mutum ya yi aikin awa 20 a mako kafin a cire shi daga jerin marasa aiki. Yanzu in ya yi awa ɗaya tak cikin kwana bakwai don samun kuɗi ko riba, ya shiga sahun masu aiki. Haka Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya take ƙirga, haka kuma ƙasashe da dama suke yi.

Ni ba na cikin masu cewa hukumar ƙarya ta yi. A ƙasar Gummi aka haife ni, kuma aikin malamin gona ya zaga da ni ƙauyukan Bukkuyum da Anka tun lokacin da matafiyi ba ya tsoron komai a hanya sai ruwan sama da facin babur. Da wuya ka ga magidanci mai lafiya ya wuni a zaune. Da damina yana gona tun asuba. Da kaka yana yankan gero, ko ɗaurin dami, ko ƙwadago a gonar wani. Da rani ko yana fadama, ko yana cikin rami neman zinariya, ko ya tafi cin rani Legas da Abuja da Ibadan yana acaɓa, ga-ruwa ko turin baro. Matarsa tana cikin gida tana tuyar ƙuli-ƙuli, tana surfe, tana kiwon 'yan awakinta. Zaman jiran aiki sai mai abin da zai ci kafin aikin ya zo. Wanda ba shi da ko tiya ɗaya a rumbu ba zai iya ba.

Amma ita wannan hukuma ɗin ce ta auna talauci a 2019. Ta ce duk wanda abin da yake kashewa a shekara bai kai naira 137,430 ba matalauci ne, kuma ta samu kusan kashi 74 cikin 100 na mutanen Zamfara a ƙasan wannan layi, alhali na ƙasa baki ɗaya kashi 40 ne. In ka haɗa lissafin biyu ka ga garuruwanmu: kusan kowa na aiki, kuma uku cikin huɗu na cikin talauci. Aikin ne ba ya biya, wani lokaci ma shi ke kashe mai yinsa ko 'ya'yansa. Duk manufar gwamnati da ba ta fara daga nan ba, to ba da mu take ba.

Najeriya tana da abin da ake kira Manufar Samar da Aiki ta Ƙasa. Takarda ce da Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ke tsarawa tare da ƙungiyoyin ma'aikata da masu kamfanoni, don fayyace yadda ƙasa za ta sama wa mutanenta aikin da ya dace da mutuncin ɗan Adam. An yi ta farko a 2002, aka yi mata garambawul a 2017, aka sake sabunta ta a 2025. Ba a manta da noma ko ma'adinai ko sana'ar hannu a cikinta ba. Inda gizo ke saƙa shi ne wajen sauko da ita ƙasa, wato lokacin da takarda ke zama shiri, shiri ya zama fom, fom ya zama sunan mutum.

Tun kafin takardar ma ana ta shirye-shirye. Gwamnatin Babangida ta kafa hukumar samar da aikin yi, NDE, a ƙarshen 1986, lokacin da tsarin SAP ya fara sallamar ma'aikata. A wannan shekarar ce kuma aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, har da ta auduga. Hukumar audugar ba waliyyiya ba ce, ta sha danne wa manomi farashi, amma tana raba iri, tana duba inganci, tana da ranar saye da kowa ya sani. Audugar Zamfara ita ke ciyar da injinan gurza da masaƙar Gusau, kuma ita ce kuɗin aure da na sutura a gidaje da yawa. Sannu a hankali noman ya ja baya, masaƙar ta rufe. Bayan kafa NDE aka yi shirin matan karkara na Maryam Babangida, aka yi NAPEP a 2001, SURE-P a 2012, sai N-Power a 2016.

N-Power ya yi amfani, na gani da idona. An riƙa biyan matashi mai digiri ko NCE naira 30,000 a wata, a tura shi makarantar firamare, asibitin shan magani ko aikin gona. An ɗauki mutum 200,000 a kashin farko, 300,000 a na biyu. Akwai ajin da ya samu malami saboda shi, akwai wanda ya tara ya sayi keken ɗinki. Sai dai ƙofar shiga ita ce intanet, takardar shaidar karatu da asusun banki mai BVN. Saurayin Gwashi ko na Wuya da ya sauke Alƙur'ani a makarantar allo, ya iya gyaran injin ban-ruwa ido rufe, ba ya cikin lissafi tun daga farko. Irinsa ne kuwa suka fi yawa. A 2023 aka dakatar da shirin.

Wanda ya fi kusa da isa gare su shi ne shirin ayyuka 774,000 da NDE ta fara gudanarwa a farkon 2021: mutum 1,000 a kowace ƙaramar hukuma, naira 20,000 a wata, na tsawon wata uku. Ba a nemi digiri ba, wannan daidai ne. Amma Anka, Gummi da Bukkuyum tun a ƙidayar 2006 sun haura mutum 550,000, ga gurbi 3,000. Tun kafin a fara ma ƙaramin ministan ƙwadago na lokacin, Festus Keyamo, ya yi ta sa-in-sa da 'yan Majalisar Tarayya kan wanda zai zaɓi sunaye. Aikin kansa shara ne da yashe magudanar ruwa da sassaben gefen titi. Wata uku suka cika, ciyawa ta sake tsirowa, babu tafki, babu kwalbati, babu abin da manomi zai nuna ya ce ga abin da ya rage.

Wanda ya fi kowa ɗaukar aiki a yammacin Zamfara cikin shekarun nan shi ne rami. Haƙar zinariya tsohon abu ne a wannan ƙasa, tun zamanin Turawa ana taɓawa. Abin da ya canza shi ne farashi. A 2008, da tattalin arziƙin duniya ya girgiza, oza ɗaya na zinariya ya haura dala 1,000 karon farko, ya kuma ci gaba da hawa. Labari ya iso ƙauye ta bakin dillalai. Manomi ya yi lissafinsa, ya ga abin da zai iya samu in ya dace da buhun dutse mai kyau ya fi na makonni yana ƙwadago, ya ɗauki diga.

Wanda bai taɓa zuwa wurin haƙa ba yana zaton masu shiga rami ne kawai. Akwai su, da tocila ɗaure a goshi, suna sauka ƙunƙuntar rijiya da guduma da ƙarfe. Akwai masu jawo buhu da igiya daga sama. Akwai 'yan acaɓa masu kai buhunan gari, da masu farfasa dutse, da masu injin niƙa, irin dai injin da ake niƙa dawa da shi. Akwai masu wanki, da ke zuba garin dutsen a kan katako mai gangara da aka shimfiɗa wa darduma, ruwa ya tafi da ƙasa, mai nauyi ya maƙale. Sai a murza shi da zaiba ta kama zinariyar, a ƙona zaibar ta tashi, abin da ake nema ya rage. Dillali na gefe da ɗan sikelinsa. Bayan waɗannan ga mai shayi, mai tuwo, mai ruwa, mai cajin waya, bakanike, mai walda. Rami ɗaya na ciyar da gidaje masu yawa, kuma ba ya tambayar kowa takarda.

Abin da babu wanda ya gaya wa mutane shi ne dutsen Anka da Bukkuyum cike yake da dalma. Don gudun sata, kuma don mata su sa hannu a aikin, aka riƙa kawo shi cikin gida ana dakawa a turmi, ana shanya gari a tsakar gida. Ƙura ta sauka a kan tabarma, ƙwarya, bakin rijiya. Yaro mai rarrafe kuwa hannunsa daga ƙasa sai baki. A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da ke bibiyar sanƙarau suka lura yara na mutuwa fiye da kima: amai, ciwon ciki, jijjiga, suma, shi ke nan. Aka gwada jini aka ga gubar dalma ce. 'Yargalma da Tungar Guru a Bukkuyum, Dareta, Abare, Sunke, Tungar Daji, Duza da Bagega a Anka. Binciken da aka yi a Dareta da 'Yargalma ya nuna ɗaya cikin huɗu na yara 'yan ƙasa da shekara biyar ya rasu cikin shekara guda. Jimillar waɗanda suka rasu ta haura 400. Cikin waɗanda suka rayu akwai waɗanda har yau ba sa gani, ba sa magana, ko ba sa riƙe karatu. Ba na iya rubuta wannan ba tare da zuciyata ta yi nauyi ba, don iyayen nan ba ganganci suka yi ba. Neman abin da za su ciyar da yaran suka fita.

Mu da muka riƙa zagayawa muna roƙon a daina, amsa ɗaya muke ji daga dattawa da matasa: "Malam, mun ji. To in mun bari, mi za mu ci?" Babu wanda ya zo da amsar wannan tambaya.

Wani abu ya faru a lokacin da ya kamata masu tsara manufa su yi nazarinsa. Da aka zo tsabtace garuruwan, ƙwararrun TerraGraphics daga Amurka da Cibiyar Blacksmith, tare da ma'aikatar muhalli ta jiha, ba su kawo lebura daga birni ba. 'Yan garin aka ɗauka. Da fartanya da shebur suka kankare saman ƙasar tsakar gidaje, suka zuba a buhu, aka binne a rami mai nisa, aka kawo sabuwar ƙasa aka shimfiɗa. Garuruwa bakwai aka gama tsakanin 2010 da 2011. Bagega, wadda ta fi su girma, sai da ta jira har 2013, bayan matasa irin su Hamzat Lawal sun matsa lamba a kafofin sada zumunta gwamnatin Jonathan ta saki kuɗin. A ganina wannan ne aikin gayya na gwamnati mafi ma'ana da aka taɓa yi a yankin. An biya mutane a garinsu, kowa ya san dalilin aikin, kuma da aka gama mutuwar yara ta ragu ƙwarai.

Sai dai an tsabtace gida, ba a gyara sana'ar ba. A watan Afrilun 2019 Gwamnatin Tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a Zamfara gaba ɗaya, bisa dalilin cewa zinariya na ciyar da 'yan bindiga. Akwai gaskiya a zargin. Amma wa ya bi dokar? Talaka mai diga, wanda jami'i zai iya kamawa a hanya. Mai bindiga bai bi ba, sai ma ya samu ramukan babu mai ja da shi, ya sa mutane haƙa yana karɓar kaso, ko ya sa su dole. Haramcin ya yi sama da shekara biyar kafin ministan ma'adinai, Dele Alake, ya ɗage shi a Disambar 2024, kuma kisa bai tsaya ba a tsakani. Cikin wannan lokacin ne, a Yulin 2020, aka nuna wa Shugaba Buhari dunƙulen zinariya mai kilo 12.5 da Babban Banki ya saya ƙarƙashin wani shiri na tallafa wa ƙananan masu haƙa. Mutanen Bagega a rediyo suka ji.

Dokar ma'adinai ta 2007 ta yarda ƙananan masu haƙa su kafa ƙungiyar gama kai su nemi lasisi. Amma ma'adinai a hannun Tarayya suke, takardun daga Abuja suke fitowa, kuma sau da yawa ƙauye kan tarar an riga an ba wani kamfani filin a takarda, kamfanin da ba su taɓa ganin ko motarsa ba. Tanzaniya ta bi wata hanya. A 2019 ta buɗe kasuwannin sayar da ma'adinai a fili, ta fara da Geita, inda mai giram biyu zai shigo ya sayar a bainar jama'a, hukuma ta karɓi kasonta, ba sai ya ɓoye ba. Abin da Anka ke buƙata bai wuce wannan ba: kasuwa mai sikeli na gaskiya, a rubuta farashin ranar a allo, wurin niƙa nesa da gidaje inda ake niƙa dutse da ruwa don kada ƙura ta tashi, wurin da mutum zai yi wanka ya sauya tufa kafin ya koma cikin iyali, da gwajin jinin yara a kai a kai. Wannan ba zai ƙirƙiri sabon gurbi ko ɗaya da minista zai ƙirga a taron manema labarai ba. Amma zai mayar da aikin dubban mutane aikin da ke biya, wanda ba ya cin rai.

Lambar motar Zamfara na ɗauke da kirarin cewa noma ne abin alfaharinmu, kuma haka ne. Gero, dawa, masara, wake, gyaɗa, waken suya, duk ƙasar na karɓa. Amma yau a ƙauyuka da yawa na Anka da Bukkuyum manomi na biyan haraji sau biyu ga mutanen daji, ɗaya kafin shuka, ɗaya kafin girbi. Gari kan haɗa kuɗin gida-gida, a sayar da akuya, a sayar da ragowar hatsi. Wani wurin sai 'yan gari sun fara nome gonar ɗan bindiga kyauta kafin su taɓa tasu. Shanun huɗa an kore su tun tuni, wanda ke noma kadada biyar da garma ya koma ga abin da fartanya za ta iya. Gonakin nesa, waɗanda suka fi albarka, sun koma jeji. In aka sace mutum ɗaya, kuɗin fansa kan cinye gonar gado ta zuriya guda. Babu wani tallafin naira 5,000 ko 25,000 a wata da zai cike wannan giɓi.

Tsakanin 4 da 6 ga Janairun 2022 aka afka wa jerin ƙauyuka a Anka da Bukkuyum, irin su Kurfar Danya da Rafin Gero. Mazauna suka ce an kashe kusan mutum 200, gwamnatin jiha ta ce 58. Dubbai suka gudu. Tun kafin nan garin Anka ya cika da 'yan gudun hijira, har a filin sabon gidan sarki da ba a kammala gininsa ba. Waɗannan manoma ne da suka saba cika rumbu su yi kyauta. Yanzu matansu ke bin gidaje neman wankau da surfe, mazan na jiran a kira su ɗaukar bulo. A lissafin awa ɗaya a mako, duk masu aiki ne.

Hatta matakan tsaro kan faɗa a kan mai neman na tuwo. A Satumbar 2021 aka rufe kasuwannin mako-mako a jihar, aka katse layukan waya, aka hana sayar da fetur a jarka. An yi ne don a matse 'yan bindiga, na fahimta. Amma kasuwa irin ta Nasarawar Burkullu ita ce bankin ƙauye, ita ce ma'aikata. 'Yan dako, masu awo, dillalan dabbobi, mahauta, 'yan kamasho, masu fura, duk ranar kasuwa suke samun abin da zai kai su wani mako. Ban ji an yi tanadin abin da za su ci ba kafin a sa hannu a takardar.

Akwai kuma maganar da ba ma son faɗa da ƙarfi: daji ma na ɗaukar aiki. Yana biyan wanda zai kai masa fetur, burodi, katin waya, ko labarin wanda ya sayar da shanu. Yaron Bafulatani da aka sace garken mahaifinsa aka nome burtali, da yaron Bahaushe da gonarsu ta gagara zuwa, duk suna jin wannan kira. Ba uzuri nake nema wa kowa ba, wanda ya zubar da jini ya fuskanci hukunci. Amma wanda ke tsara samar da aiki ya san yana da abokin takara, kuma abokin takarar nan take yake biya. Ita ma gwamnatin jiha, ɗaya daga cikin manyan ɗaukar aikin da ta yi shi ne na Askarawa, masu tsaron al'umma, sama da mutum 2,600, a Janairun 2024. Muna buƙatarsu, da yawa sun ba da rayukansu. Abin baƙin cikin shi ne a ce hanyar samun albashi mafi kusa ga saurayin ƙauye ita ce riƙe bindiga.

Shi kuwa mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024, malaman makaranta, ma'aikatan lafiya da na sakatariya ya shafa, kuma sun cancanta. Dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Sama da tara cikin goma na masu aiki a Najeriya ba su da takardar ɗauka, balle albashi. Ɗan ƙwadagon da ke cirar ciyawa a gonar albasa, dokar ba ta san da shi ba.

In ana neman inda aiki mai biya yake kwance a yankinmu, a duba fadamar Gulbin Zamfara a Gummi. Da ruwa ya janye sai shinkafa, albasa, tattasai, tumatur, dankali, masara, duma. Ruwan ƙasa a kusa yake, da ɗan bututu da ƙaramin inji an gama, abin da shirin Fadama na Bankin Duniya ya yaɗa tun shekarun 1990. Noman rani na cin hannuwa fiye da na damina: raino, dashe, ban-ruwa, cira, tsinka, ɗauri, dako. Duk kadada ɗaya da aka shayar ta hana samari da dama hawa motar Legas. Ba sai an yi katafaren dam ba. Maƙwabtanmu na Bakolori sun ga yadda babban aiki ke zuwa da hawaye, don a 1980 an harbe manoman da suka fito neman diyyar gonakinsu. Ƙaramin inji a hannun mai gona ya fi dacewa da mu.

Amma injin fetur yake sha. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafi, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ta taɓa 1,000. Na san waɗanda suka rage fili zuwa rabi, na san waɗanda suka bari. Kowane fangali da aka bari, ƙwadagon wani ne ya tafi. Injin mai aiki da hasken rana yana magance wannan, sai dai kuɗin sayensa a dunƙule yake. Bashin da za a biya bayan an kwashe albasa, ta hannun ƙungiyar manoma da suka san juna, zai yi aikin da raba kekunan ɗinki a filin taro bai taɓa yi ba.

A watan Agustan 2024 ambaliya ta rushe gidaje a Gummi. Makonni kaɗan bayan nan, a tsakiyar Satumba, jirgin kwale-kwale cike da manoma ya kife a kusa da garin, gwammai suka rasu. Gonakinsu za su, a tsallaken gulbi, kamar kowace safiya. A kan hanyar aiki suka mutu. Da ma'aikatan kamfani ne suka rasu a motar kamfani, da an yi maganar diyya da bincike da dokar kare ma'aikaci. Gada, ko jirgi mai inji da rigunan ruwa a mashigi, magana ce ta ƙwadago kamar yadda fansho yake.

Wasu ƙasashe sun gane cewa talaucin karkara yana da lokacinsa, suka tsara aiki daidai da shi. Habasha ta fara wani shiri a 2005 da ke biyan miliyoyin mutanen karkara kuɗi ko hatsi lokacin da babu aikin gona, su kuma su gina matsaran ruwa, su gyara hanya, su dasa itace. A Nijar, nan kusa, ana biyan mutane su haƙa ramukan rabin wata a kan faƙo, ƙasar da ta mutu ta dawo tana tsirar da ciyawa. Wadda ta fi burge ni ita ce dokar da Indiya ta kafa a 2005. Ta ba kowane gidan karkara haƙƙin aikin kwana 100 a shekara. Ba gurbi ba ne da wani zai raba. Mutum ne zai je ya nema, in kuma ba a ba shi cikin kwana 15 ba, hukuma ta biya shi kuɗin zama. Aƙalla ɗaya cikin uku na masu aikin dole su kasance mata. An yi cuwa-cuwa a can ma, an yi jinkirin biya. Duk da haka ta ɗaga kuɗin ƙwadago a ƙauyuka, don mai gona ya san lebura na da wani wurin zuwa.

Irin wannan nake so a gwada a ƙananan hukumomin nan uku, ko da kwana 50 ne a fara. Lokacinsa daga Janairu zuwa Mayu, bayan kaka, kafin shuka, daidai lokacin da samari ke ɗaure jaka. A fara da garuruwan da ake iya shiga, musamman masu ɗauke da 'yan gudun hijira, a riƙa faɗaɗawa yadda tsaro ya samu. A karanta sunaye a fili a ƙofar maigari, a biya duk mako, hannu da hannu in babu banki. Matan da ba sa fita a kai musu nasu cikin gida: rainon dashen itace, matsar man gyaɗa, dafa abincin 'yan makaranta. Kuɗin kuwa, tun ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, don haka akwai wanda za mu tsare mu tambaya, kuma mun san gidansa. Aikin da za a yi ma ba sai an nemo ba: kwalbatocin hanyar Anka zuwa Bagega, jingar da za ta tare ambaliya a Gummi, tafkunan shayar da dabbobi a kan burtali, da sake auna ƙasar gidajen da aka tsabtace a 2010, don a wasu an ci gaba da shigo da dutse.